Tukunyar da Matar Wana Take Binnewa

Allah da ya ba mu aron matar wana ya karɓi abinsa a ƙarshen kakar bana, da hantsi, bayan wani ɗan zazzaɓi da bai kai ya tsorata kowa ba. Daga gare shi muka fito, ita kuwa ta riga mu komawa. Kafin azahar mun kai ta makwancinta a bayan gari, gefen dutse, muka dawo muka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida.

Na sha zaman makoki a ƙauyenmu na kusa da Tama, amma ban taɓa ganin wanda tsofaffi suka fi matasa yawa irin wannan ba. Wasu a kan jakai aka kawo su, wasu jikoki suka riƙo musu hannu. Danginta sun gangaro daga wajen Karofane, namu sun zo daga Azarori da Madawa. Kowa ya yi gaisuwar da aka saba, ya ce Allah ya jiƙanta, ya ba mu haƙuri. Sai dai in mutum ya gama ya ɗan zauna, maganar da ke biyo baya ta nama ce.

Wata tsohuwa maƙwabciyarmu, wadda ba ta da haƙori ko ɗaya, ta kama hannuna ta ce, "Haƙorana na hwarko sun zube tun da daɗewa, ban yi kuka ba. Yau anka binne na biyu."

Mahaucin garinmu, mutum mai kaushin baki wanda ba a taɓa jin ya yabi kowa ba, ya zauna can ƙarshen tabarma yana murza hularsa. Da na je gaishe shi, bai ɗago ba, ya ce, "Ranar kasuwa in na yanka, wa zan ɓoye ma ƙirji?"

Liman ma da ya gama addu'a ya ambaci haƙurinta da zumuncinta da riƙon sallarta, sannan ya ce, "Kuma ta ciyar."

Mutum ɗaya ne bai ce komai ba, shi ne wana, mijinta. Ya bi gawa har kabari da ƙafarsa, ya dawo ya shiga ɗaki, ya kwanta ya juya fuska ga bango. Maƙwabta suka yi ta aiko da abinci kamar yadda ake yi wa gidan rasuwa, fura da kunu da tuwo mai laushi. Duk ƙwaryar da aka shigar masa, haka take fitowa da faifanta a kai. Ruwa kawai yake kurɓa in ya tashi alwala. In an matsa masa sai ya ce, "Ku ci, ni na ƙoshi." Ina waje ina amsa gaisuwar mutane, amma hankalina yana cikin ɗakin nan, domin wana ya tsufa ƙwarai, kuma na san tsoho ba shi da ajiyar jikin da zai yi wasa da yunwa.

Karatuna bai wuce ƴan shekarun lakwal, wato makarantar boko, ba, ba ni da iya tsara magana. Amma ina tsoron jikokinta su tashi ba su san ko wace ce ita ba, shi ya sa na zauna rubuta abin da na gani.

An kawo ta gidanmu ina yaro mai zuwa lakwal a Buza, da allo a rataye. Tun ran nan ta sa mini suna Ɗan Lakwal, ba ta kuma fasa ba har gemuna ya yi fari. Ni kuwa matata nake ce mata, kamar yadda ƙanin miji yake tsokanar matar wansa. In na shigo na ce, "Matata, mi kinka aje min?" sai ta ce, "Miji marar gona, abin da na aje maka shi ne tsintsiya." Doguwa ce, mai saurin tafiya, ba ta iya zama hannu banza. In tana hira da kai tana tsince wake ko tana ɗaure gabu, busasshen ganyen albasa da muke ajiyewa don miya.

A gidanmu tun kakanni, in an yanka sa, ƙirji rabon babban gida ne. Girmamawa ce. Amma duk wanda ya taɓa dafa ƙirjin sa ya san halinsa: jijiya ce da kitse da tauri. Ka ƙone itacen gida duka a murhu, ya fito kamar takalmin fata. Ita ce ta fara faɗin abin da kowa ya sani yake jin nauyin faɗa. Ta ce, "Kun ba tsoho girma, kun hana shi ci." Wana kuwa tun yana da ƙarfinsa wani sa ya tunkuye shi a bakin rijiya ya zubar masa da haƙoran gaba, sauran suka bi a hankali. Takan ce, "Sa ya cinye mishi haƙora, ni kau sai na taya shi ramawa."

Tana da rami a bayan ɗakinta, kusa da rumbu, zurfinsa kamar tsawon hannu. Ranar da za ta dafa ƙirji, da ta idar da sallar asuba sai ta cika ramin da busasshen kashin shanu ta kunna, ta bar shi ya cinye ya zama garwashi mai lumshi. Tana da tukunyar ƙasa baƙa wadda ba a dafa komai a ciki sai wannan. Sai ta shimfiɗa yankakkiyar albasa ta garkar fadama a gindin tukunyar, da kauri, har ka ce miyar albasa za ta yi. Ta murje naman da gishiri da daddawa da citta da kanumfari da ɗan tonka, wato barkono, ta kwantar da shi a kai, ɓangaren kitse yana sama don ya narke ya gangaro. Ruwa kuwa ludayi guda, ba ta ƙarawa. Ta ce sauran ruwan albasa ce za ta bayar. Kanwa ba ta kusantar tukunyar nan. "Kanwa ta mai baƙon da ya iso ce," in ji ta, "ni baƙona sai la'asar." Daga nan ta kifa kasko a bakin tukunyar, ta liƙe shi da laka da aka kwaɓa da dusa, ta saukar da ita cikin ramin, ta ja garwashi ta kewaye, ta binne komai da toka. Shi ke nan. Ba buɗewa, ba motsawa, ba ɗanɗanawa, sai rana ta karkata.

To ta yaya mutum zai san halin da abin da ya binne yake ciki? A nan gwanintarta take. Tana da karan dawa busasshe. Sai ta cusa shi cikin toka har ya taɓa kaskon, ta kara ɗaya bakin a kunnenta, ta rufe ido. Mukan tsaya mu zuba mata ido kamar masu jiran hukunci. Na taɓa tambayarta abin da take ji. Ta ce, "In tana raɗa, a bar ta. In ta koma masihwa, a rage mata wuta. In ta yi shiru kau, Ɗan Lakwal, ta ƙone, ka tahi ka nemo garin kwaki."

In an fasa lakar da la'asar, ƙamshin yakan riga kowa fita ƙofar gida. Naman ba ya buƙatar wuƙa. Takan ɗauki ɗan yanki ta matsa tsakanin yatsu biyu, ya rabu sili-sili, sannan ta zuba wa wana nasa a akushi. Bayansa sai tsofaffin unguwa, a kai wa kowa har ɗaki. Mu masu haƙori mu ne na ƙarshe. Ita kanta ban taɓa ganin ta ci naman ba. Rabonta shi ne albasar gindin tukunya, wadda ta yi ja ta kama ƙasa ta shanye romon duka. Takan janye tukunyar gefe ta ce, "Na ƙasa na mai tukunya ne." Ko jikan da ta fi so ba ya sa hannu a wurin.

A shekarar fari na farko, lokacin da shanu suke faɗuwa a bakin rijiyoyi, makiyaya suka gangaro daga arewa suka yada zango a bayan garinmu. Dabbar da ta kusa mutuwa sai a yi sauri a yanka. Nama ya yi yawa, amma nama ne kamar igiya, ba kitse ba ruwa. Masu ƙarfi suna tauna suna haɗiyewa. Tsofaffi kuwa ga nama ga yunwa, kuma jar dawar taimako da manyan motocin kamiyo ke kawowa tana ɓata musu ciki. Matar wana ta sa muka haƙa mata ramuka a jere a bayan gida, ta aro tukwane. Fadama ta bushe, albasa ta yi wuya, sai ta jiƙa gabun da ta tara ta shimfiɗa shi a madadinta. Na tuna ta tana bin ramukan nan ɗaya bayan ɗaya da karanta, zaninta duk toka, tana durƙusawa tana miƙewa, ita ma cikinta babu komai.

A zangon akwai wata tsohuwar Buzuwa da ba ta jin Hausa ko kaɗan, ta kwanta a ƙarƙashin wata yagaggiyar tabarma, ƴaƴanta sun fid da rai. Matar wana ta kai mata da kanta, na riƙo mata ƙwaryar. Ta zauna a ƙasa ta riƙa murmushe naman tana sa mata a baki kamar jaririya. Da tsohuwar ta haɗiye na farko, sai ta kama wuyan hannun matar wana da hannu biyu, ta ƙi saki. Haka aka ƙarasa ciyar da ita da hannu ɗaya. A hanyar dawowa na ce, "Matata, mi tac ce miki?" Ta ce, "Ta ce ƙanin mijina ya cika tambaya."

Mun taɓa ɓatawa da ita sau ɗaya. Kamar sauran mazan Adar, ni ma na yi tafiyar bida, wato ci-rani, zuwa bakin teku, na dawo da kokot, tukunyar ƙarfen nan mai murfin ɗaurewa da ke fito in ta yi zafi. Aka yi watanda gab da ƙaramar salla, ƙirji ya zo gidanmu, na ce a raba biyu a gwada. Kafin ta gama liƙe tata da laka, tawa ta fara fito, yara suka watse da gudu. Da na buɗe, nama ya yi laushi, ba ƙarya. Mutane suka yi ta mamaki, kaina ya kumbura. Na ce, a gaban kowa, zamanin rami ya wuce, wannan girkin mutanen kan dutse ne. Danginta suna cikin gidajen Azna na kan dutse da suka musulunta daga baya, kuma daga kakarta ta koyi binne tukunya. Kowa ya gane inda maganata ta dosa.

Ta zo ta ɗauki yanki daga kokot ɗina, ta tauna a hankali, ta ce, "Ya yi laushi. Amma namanga bai san abin da ya same shi ba." Ta koma wurin raminta.

Daga ran nan ta daina ce mini Ɗan Lakwal. In na shigo sai ta rusuna ta ce, "Sannu da zuwa, Malam." Ta kawo mini ruwa a sabuwar ƙwarya, ta koma gefe. Ban taɓa sanin ladabi yana da zafi haka ba. Rani guda muka yi a haka. Ran nan sai ta aiko a ba ta aron kokot za ta dafa wake. Da na je karɓa ta ce, "Tukunyakka ta wake ce, Ɗan Lakwal, kuma ta samu gida." Ba ta mayar ba har ta rasu, kuma ta ji daɗinta ƙwarai, har tana yi wa mata kurin cewa wakenta yana nuna kafin su gama daka. Maganar da na yi kan danginta kuwa ba ta taɓa tayar da ita ba, ni ma ban tayar ba. Da ma na tayar.

A shekarun baya-bayan nan, bayan fari na biyu, ta sake hali. Ranar binne tukunya, da an rufe ramin da toka, ba ta yarda kowa ya zagaya bayan ɗaki, sai wana kaɗai. Yakan ɗauki kabarsa ya je ya zauna bakin ramin yana tufkar igiya, su wuni su biyu. Muka yi ta yi musu dariya, muna cewa tsofaffi sun koma zance. Ta kuma ƙara taurin kai, a ganinmu. Ka tambaye ta abu ta ba ka amsar wani. Ka ce mata ina gajiya, ta ce sun tafi gona. Da yake mun san ta da tsokana, sai muka ɗauka tsokana ce.

Baƙin makoki suka fara watsewa, wana bai ci komai ba. Liman ya shiga ya yi masa nasiha, ya ce jiki amana ne. Ya amsa da ladabi, ya ce, "Malam, ba ƙi na yi ba. Ba shi wucewa ne." Na aika Tama aka zo da likita a kan babur. Ya duba idonsa, ya kara abin sauraro a ƙirjinsa, ya fito ya ja ni gefe. Ya ce bai ga ciwo ba, amma mai shekaru irin nasa in ya ci gaba haka, mu shirya wani zaman. Babban ɗansu yana can bakin teku, mun aika masa saƙo ta hannun direba, ba mu san ko ya isa ba. Na fara lura da yadda wana yake dafa bango in zai tashi salla, da yadda zobensa yake zamewa daga yatsa. Duk shigar da zan yi ɗakin, sai na tsaya bakin ƙofa na ga bargo yana motsi kafin na yi sallama.

Sai surukarsu, matar babban ɗan nan, ta same ni a zaure. Ta durƙusa nesa, kanta a ƙasa, ta ce, "Baba, in an yarda, ina son in binne tukunya."

Na ce, "Kin iya?"

Ta ce, "Ni ke yanka ma Inna albasa, ni ke kwaɓa mata laka. Komi na gani. Saurare ne ba ta taɓa bari na yi ba."

Abin yana da haɗari. In ƙamshin matarsa ya shiga masa ɗaki, ya miƙa hannu ya sa a baki ya tarar ba ita ba ce, to mun binne masa ita sau biyu, kuma ba na jin zai sake buɗe baki ga wani abinci. In kuwa ba mu yi ba, ga shi yana tafiya a gabanmu. Na ce ta yi.

Ranar kasuwa, kafin na aika, sai ga mahauci da kansa da ƙunshin ƙirji a hannu. Ya ajiye ya ce, "Hannu ya saba. Na waiga na ga na riga na ɓoye shi." Ya juya ya tafi.

Washegari da asuba ta kunna ramin. Na tsaya ina kallo, ta yi komai yadda marigayiya take yi, har yadda take lasar yatsa ta goge bakin kasko. Wajen zuba ruwan, ta tsaya da ludayi na biyu a sama, sannan ta mayar da shi cikin tulu. Ta liƙe, ta binne. Muka tsaya muna kallon tarin toka, ba abin da ya rage mana sai jira.

Ban iya zama ba ran nan. In na je zaure sai na dawo, in na leƙa ɗakin wana sai na ga bayansa. Karan marigayiya yana nan soke a jikin rumbu inda ta bar shi. Da hantsi ya yi na zaro shi, na cusa, na kara a kunne. Ban ji komai ba sai bugun zuciyata. Na miƙa wa surukar. Ta daɗe tana saurare, ta ce, "Baba, ina jin wani abu, amma ban san ko raɗa ce ko masihwa ba."

Bayan azahar ƙamshin ya fara fita, da farko irin wanda muka sani, har na ga mata suna share ido da bakin zane. Can sai ya sake, ya ɗauko wani kaifi. Na duba na ga siririn tururi yana fitowa ta gefe guda na tokar. Lakar ta tsage.

Na ce, "Ƙonewa shi kai. A hid da ita."

Ta ce, da ƙaramar murya, "Inna ba ta taɓa buɗewa ba kahin la'asar."

Na ce, "Inna tana ji, mu ba mu ji. Ga kokot can ɗakinta, a juye a ƙarasa ciki, ko rabi a tsira da shi."

Ba ta iya musu da ni, matsayina bai ba ta dama ba. Ta durƙusa a wurin hawaye yana zuba, ta sa hannu biyu a kan tokar kamar mai kare yaro. Ni ma ban san ko daidai nake ba. In na buɗe da wuri, nama ya fito da tauri. In na bari, ya zama gawayi. Kowanne aka yi, akushi zai koma ɗaki ya fito da faifansa. Na ɗauko kalme, ƴar fartanyarmu, na fara janye toka.

"Ɗan Lakwal."

Duk duniya mutum ɗaya ke kirana da wannan suna, kuma mun binne ta. Na waiga. Wana ne tsaye, ya dafa rumbu da hannu ɗaya, rigarsa tana lilo a jikinsa kamar an rataye ta a sanda.

Ya ce, "Aje kalmen nan."

Na ajiye. Na kama shi na zaunar da shi a inda ya saba zama. Surukar ta ja mayafi ta rufe fuska ta matsa can gefe, domin tun da aka kawo ta gidan ba su taɓa haɗa ido ba, ba su taɓa magana kai tsaye ba, kamar yadda kunya ta tanada. Ya miƙo hannu, na ba shi karan. Ya cusa shi ba tare da lalube ba, ya kara a kunne, ya rufe ido. Mun daɗe muna kallon fuskarsa.

Ya ce, "Masihwa takai. Wuta ta yi yawa ta gabas." Ya dube ni, ba ita ba. "Ka ce ma mutanen gidanga su janye garwashi ta nan, su kwaɓa laka su toshe tsagar. Kada su taɓa kaskon."

Ban kai ga faɗa ba, ta riga ta tashi. Ta janye, ta toshe, ta mayar da toka. Ya sake saurare. Sai na ga kafaɗarsa ta sauka. Ya ce, "To. Ta koma raɗa."

Na ce, "Yaya, yaushe ka iya wanga aiki?"

Ya ce, "Tun da kunnenta ya tahi."

"Kunnenta?"

"Ta daɗe ba ta jin tukunya. Ku ma rabin maganarku a bakinku take karantawa." Ya juya karan a hannunsa. "Ta ce in na hwaɗa ma kowa, na gama cin ƙirji a duniya. In an leƙo, ita ke riƙe da kara. In ba kowa, ta miƙo min. Ta sha wuya kahin in gane. Ta ce ko jaki ya hi ni saurin karatu."

Ya yi wata ƴar dariya da ba ta ƙarasa ba. Ni kuwa na tuna duk ranakun da na ce mata ina gajiya ta ce sun tafi gona, ina dariya.

Bai koma ɗaki ba. A nan ya yi sallar la'asar, a zaune. Lokaci-lokaci yana saurare, mu kuwa muna sauraron numfashinsa. Fitowa dai ya fito, amma ci fa? Ba wanda ya yi ƙarfin halin tambaya. Da inuwar rumbu ta rufe ramin, ya ce, "A hasa."

Surukar ta tone tukunyar, ta ɗauko ta da tsumma, ta ƙwanƙwasa lakar ta faɗi. Tururi ya tashi. Gefe ɗaya na naman ya ɗan yi baƙi, inda wuta ta yi yawa, sauran kuwa yana rawa a cikin romonsa. Ta zuba a akushinsa ta miƙo mini, na ajiye a gabansa. Ya daɗe yana kallo. Gidan ya yi tsit, har ina jin kaji suna tono a bayan danga. Ya sa yatsu biyu ya ɗauki ɗan yanki ya matsa. Ya rabu sili-sili. Ya yi bisimilla ya kai baki. Ni dai maƙogwaronsa nake kallo.

Ya haɗiye.

Ya ce, "Gishiri ya yi kaɗan." Sannan ya sake miƙa hannu.

Ya ci, ba da yawa ba, amma ya ci, ya sha romo, ya nemi fura. Ya ce a ɗebi na maƙwabciyarmu marar haƙori a kai mata tun da zafi, a bi sauran tsofaffi yadda aka saba. Da aka kwashe nama, tukunya ta rage a tsakaninmu, da jar albasar nan a gindinta. Ba wanda ya taɓa. Ni na kau da kai, mata suka yi kamar suna neman wani abu.

Wana ya jawo tukunyar ya leƙa ciki. Sannan ya tura ta a hankali a kan ƙasa har gaban surukarsa, ya dube ta, karo na farko, ya ce, "Ɗiyata, na ƙasa na mai tukunya ne." Ya ɗora karan a kan bakin tukunyar. "Kasuwa mai zuwa ki zo da wanga. Kunnena ni ma ba na dindindin ba ne."

Yanzu duk ranar da aka binne tukunya, su biyu ne a bayan ɗaki, shi da igiyarsa, ita da mayafinta, kara yana kai da komo a tsakaninsu. Ni ba a gayyace ni ba. An ce na cika gaggawa.

Matar wana, ke da kika ce ba ni da gona, ga abin da na iya nomawa. Allah ya haskaka makwancinki, ya yafe miki, ya tausasa miki abin da ke gaba kamar yadda kika tausasa wa tsofaffinmu abin da ya fi ƙarfin bakinsu.